Yadda ake koya wa yaran firamare karanta agogo, mai hannu da mai lamba

Yaron aji uku a unguwar Aboabo ko Asawase, a Kumasi ta ƙasar Ghana, zai ɗauki wayar mahaifiyarsa ya karanta maka 3:40 ba gargada. Tambaye shi saura minti nawa huɗu ta yi, sai ya tsaya yana kallonka. Lambobi ya karanta, amma lokacin bai shige shi ba tukuna. Ka tsayar da shi gaban agogon bango kuwa, nan ma wata matsalar ce, domin fuska ɗaya ce amma ma'auni biyu ne a kanta. Lamba 4 tana nufin ƙarfe huɗu idan gajeren hannu ne ya nuna ta, tana nufin minti ashirin idan dogon ne, kuma babu inda aka rubuta 20 ɗin. Babba ya daɗe da sabawa har ya manta cewa abin da wuya. Dabarar ita ce a raba ma'aunan nan biyu, a ba yaro ɗaya ya riƙe shi gam, sannan a kawo na biyu. Wanda ake farawa da shi gajeren hannu ne, shi kaɗai, domin shi ke ɗauke da mafi yawan labarin.

Kafin a taɓa agogo

Abu uku ake dubawa, kuma minti biyar sun isa a gwada kowane yaro. Ya iya ƙirga ɗaya zuwa sittin? Ya iya ƙirga biyar-biyar? Ya san rabi da kwata na abu guda, kamar lemo ko burodi? Na biyun ne ya fi yaudarar malamai. Aji gaba ɗaya zai rera biyar, goma, sha biyar kamar waƙa, amma ka ce da yaro guda ya fara daga 25 ya ci gaba, ko ya sauko daga 60 zuwa 40, sai ya cije. A yi wannan da takardun sidi biyar na wasa waɗanda yaran suka yanka da kansu, guda goma sha biyu, ana jerawa ana ƙirgawa, gaba da baya. Wanda bai iya ba, kada a ja shi zuwa darasin minti, zai haddace ne kawai ya zubar bayan sati.

Sannan a sa su ji nauyin minti ɗaya a jikinsu. Kowa ya rufe ido ya miƙe tsaye, in ya ji minti ya cika ya zauna, malam yana duba agogo. Yawanci tun kafin a kai rabi za ka ga sun zube. A maimaita da ayyuka: sau nawa za ka rubuta sunanka a minti ɗaya, taku nawa za ka yi daga ƙofar aji.

A Kumasi muna da wani sauƙi da yaran Turai ba su da shi. Rana tana fitowa kusa da ƙarfe shida na safe, ta faɗi kusa da shida na yamma duk shekara, bambancin bai kai rabin awa ba ta gaba ko ta baya. Ga kuma salloli biyar da yaron Zongo yake jin kiransu tun yana goye. A ja dogon layi a allo, a jera a kai: asuba, fitowar rana, shan koko da ƙosai, shiga aji, hutun tara, azahar, tashi, la'asar, makarantar allo, magariba, lisha, barci. Daga baya ne za a rataya wa kowanne ƙarfensa.

Kayan aiki

Ana buƙatar agogon bango guda biyu na batir, irin masu arha da ake samu a kasuwar Kejetia ko shagunan Adum. A zaɓi mai farar fuska, lambobi 1 zuwa 12 duka a rubuce, da 'yan layukan minti sittin a gefe, kuma hannayensa sun bambanta sosai a tsawo. A guji mai lambobin Romawa, da mai lamba huɗu kacal, da wanda aka cika da hoto da ado.

Ɗaya za a bar shi yadda yake. Ɗayan kuwa za a mai da shi mai hannu ɗaya. A cire batir, a kwance ƙusoshin baya a ɗauke gilashin, a murɗa ɗan abin saitawa na baya har hannaye biyu su haɗu a kan 12. A kama siririn hannun sakan kusa da tsakiya a zaro shi a miƙe, sannan dogon hannu. Wasu suna da ɗan noti da za a fara kwancewa. Kada a kama daga baki, ƙarfen siriri ne, lanƙwashewa zai yi. A adana su a ambulan. Ranar mayarwa, a fara kai gajeren kan 12 daidai kafin a danna dogon, in ba haka ba agogon zai riƙa nuna lokacin da babu shi.

Kowane yaro kuma ya yi nasa na kwali. Kwalin taliya ko na madara daga wurin mai shago ya isa. A ɗaura zare a fensir, tsawon santimita 10 daga ƙulli zuwa inda za a danne da yatsa, a zana da'ira mai faɗin santimita 20. Raba ta goma sha biyu shi ne inda yara ke ɓata aikin: su fara rubuta 1, 2, 3 a matse, kafin su kai rabin da'irar sun riga sun kai 12. Maganinsa zaren nan ne dai. A yi alama a sama, nan ne 12. A danne bakin zaren a kan alamar, a karkato fensir har ya taɓa da'irar ta dama, nan ne 2. Daga 2 a sake, a sami 4, haka har 6, 8 da 10, domin tsawon zaren yana zagaye da'irarsa sau shida cif. Tsakiyar kowane biyu kuma nan ne 1, 3, 5, 7, 9, 11. Gajeren hannu ya zama santimita 5, mai kauri, ja. Dogon ya zama santimita 9, siriri, shuɗi ko baƙi, ya kai har bakin da'ira. A haɗa su a tsakiya da maɓalli biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, a ɗinke da zare mai ƙarfi. Ƙusa tana soke yara, kuma rana biyu ta faɗaɗa ramin.

Agogon kwali yana da aibi guda da ya kamata malam ya sani tun farko: hannayensa ba su san da juna ba. Yaro zai iya ajiye gajeren a kan 3 cak ya kai dogon kan 9 ya ce uku da arba'in da biyar, alhali babu agogon gaske da zai taɓa tsayawa haka. Shi ya sa duk sabon abu da na gaske ake fara nuna shi, ana murɗawa daga baya yara suna ganin hannaye biyun suna tafiya tare. Na kwali na maimaitawa ne.

Gajeren hannu shi kaɗai

Minti goma zuwa sha biyar kullum ya fi awa guda sau ɗaya a mako. Wannan matakin a ba shi mako biyu cur, ko da malam yana ganin kamar ɓata lokaci ne. Kurakurai da yawa da ake fama da su a aji biyar, daga gaggawar da aka yi a nan suke fitowa.

A rataye agogo mai hannu ɗaya daidai tsayin idon yara. In ya yi sama da yawa, na gefen aji za su ga hannun ya karkace daga inda yake. A fara da inda hannun ya zauna kan lamba daidai: ƙarfe uku, ƙarfe bakwai, ƙarfe goma sha biyu. Wannan ba ya ɗaukar rana biyu. A nuna musu kuma hanyar da yake bi, daga 12 ya gangara ta dama, ya zagayo ta ƙasa, ya hau ta hagu, ba ya komawa baya.

Sai babban darasin. A ce musu fuskar agogo gidan haya ce mai ɗaki goma sha biyu, kowace lamba ƙofa ce. Ɗakin 3 ya fara daga lamba 3 har zuwa bakin 4. Muddin gajeren hannu bai taka 4 ba, a ɗakin 3 yake, ko da hancinsa yana goga ƙofar 4. A sa su ja layi daga tsakiya zuwa kowace lamba a kwalinsu, su shafa wa kowane ɗaki launinsa tare da lambar da ta buɗe shi. Daga nan tambaya biyu ce kullum: a ɗakin wa yake, kuma ina ya kai a ciki?

Malama ta murɗa hannun har ya kusa taɓa 8, ta ɗaga.

"Rabi, a ɗakin wa yake?"

"Na takwas, Malama."

"Zo ki sa yatsa a kan takwas. Ya iso yatsanki?"

"Bai iso ba."

"To wace ƙofa ya shigo ta ƙarshe?"

"Bakwai."

"Yauwa. Faɗa mini lokacin."

"Bakwai ne, amma takwas ta kusa."

Amsar da ake nema ke nan a wannan mataki, ba a son lambar minti ko ɗaya. Kalmomi huɗu sun isa: daidai, ta ɗan gota, da rabi, ta kusa. Yaron da ya iya faɗin waɗannan da hannu ɗaya ya riga ya iya karanta lokaci da kuskuren da bai wuce minti goma ba.

In akwai fili, a zana babbar da'ira a ƙasa da igiya mai tsawon mita biyu, a jera lambobi a kan kwali, yaro guda ya tsaya a tsakiya da sanda ya zama hannu. Sai dai masu kallo duk su tsaya ta ɓangaren 6. Wanda ya tsaya ta ɓangaren 12 a kife yake ganin agogon, kuma zai rikita 3 da 9.

Dogon hannu

Yanzu a ajiye gajeren, a ɗauko dogon shi ma shi kaɗai. A kwali wannan abu ne mai sauƙi. A zana wata da'ira a wajen ta farko, a rubuta 05, 10, 15 har 55 da shuɗi daura da 1, 2, 3 har 11, a sa 00 a kan 12. A lura da 05 ɗin, da sifirinsa za a rubuta shi tun yau. Doka ɗaya ce: jan hannu yana karanta jajayen lambobi, shuɗin hannu yana karanta shuɗaye. A sa su ƙirga 'yan layukan da ke tsakanin 12 da 1 da yatsa, su ga da idonsu cewa taku biyar ne. Mai ƙirga layin 12 ɗin a matsayin ɗaya zai sami shida. A nuna masa cewa 12 wurin tashi ne, taku ake ƙirgawa.

Bayan mako guda a fara ɓoye shuɗayen lambobin. A manna 'yan takardu a kansu yadda za a iya ɗagawa a leƙa. Da farko a rufe duka ban da 15, 30, 45 da 00, daga baya a rufe har su. Waɗannan huɗun su ne turakun da yaro zai riƙa dogara da su. Idan dogon hannu yana kan 7, ba sai ya faro daga biyar ba: 6 talatin ne, ƙara biyar, talatin da biyar. Minti ɗaya-ɗaya, irin 23 ko 47, a bar shi sai biyar-biyar ya zauna; hanyarsa ita ce a je lambar da hannun ya wuce, a ƙara 'yan layukan da suka rage.

Yara masu wayo sukan tambaya me ya sa sittin, ba ɗari ba. Gado ne daga mutanen Babila na dā, masu lissafi da sittin-sittin, kuma lambar tana da daɗin rabo: tana rabuwa biyu, uku, huɗu, biyar da shida ba saura. Shi ya sa rabin awa 30 ne cif, kwata 15.

Haɗa su

A ɗauko agogon da ba a taɓa ba, a cire batir, a sa shi ƙarfe uku daidai. A murɗa a hankali har dogon ya yi zagaye guda, yara suna kallon gajeren kawai. Za su ga ya ratsa ɗakin 3 daga ƙofa zuwa ƙofa. A maimaita a tsaya a rabi: dogo a kan 6, gajere a tsakiyar ɗaki. Ga 'yan aji biyar da shida ana iya ƙara cewa gajeren yana matsawa ɗan layi guda duk minti 12, tunda layi biyar ne zai ci a minti sittin.

Tsarin karatu kada ya canza: gajere tukuna, a faɗi ɗakinsa, sannan dogo. Hausa ta taimaka a nan, tunda mu ma awa muke fara faɗa, uku da minti ashirin. A bi da su ƙarfe daidai, sai da rabi, sai da kwata, sai biyar-biyar har zuwa 55, duk da "da". Hannun sakan kuwa a ce musu su yi kamar ba su gan shi ba. Wanda ke gudu a gaban idonka ba shi ake karantawa ba.

"Saura" ita ce ta ƙarshe, kuma kada a kawo ta sai yaro ya iya cewa uku da minti arba'in ba tunani. Dalili shi ne lissafi biyu ne a dunƙule: a cire 40 daga 60, sannan a ƙara ɗaya a kan awa, a ce huɗu saura ashirin. A kan fuskar agogo abin a bayyane yake, ana ƙirga biyar-biyar daga inda dogon yake zuwa 12, awar kuma ita ce ƙofar da gajeren ya nufa. A raba fuskar biyu da layi daga 12 zuwa 6, a rubuta "da" a dama, "saura" a hagu.

Jarrabawa da Turanci za ta zo, kuma Turanci yana fara faɗin minti ne kafin awa a irin wannan magana. Yaron da ya saba jin awa a farko, in an faɗa masa 4:15 da Turanci, zai rubuta 15:4, ko ya mai da huɗu saura kwata ta zama 4:15. A bari ya zaunar da abin da harshen da yake tunani da shi, Hausa ko Twi, sannan a ɗora masa jimlolin Turancin a kan agogon da ya riga ya karanta.

Agogo mai lamba

Ana ɗauka wannan ba ya buƙatar koyarwa. Yana buƙata, kuma bai kamata a koyar da shi shi kaɗai ba; duk lokacin da aka rubuta a lamba, a nuna shi a fuskar agogo nan take. A yi kati biyu-biyu, ɗaya da zanen agogo ɗaya da lambobi, yara su haɗa kowane da abokinsa. A rubuta awa da ja, minti da shuɗi, kamar hannayen.

Ɗigo biyun da ke tsakiya su ne iyaka: hagu awa, dama minti, kuma minti kullum gurbi biyu ne. Daga nan kuskure biyu ke fitowa. Yaro ya rubuta 7:5 maimakon 7:05, ko ya ga 7:05 ya ce bakwai da hamsin. A ajiye 7:05 da 7:50 gefe da gefe a agogon kwali biyu, ya ga nisan da ke tsakaninsu.

Kuskure mafi naci a wurinmu daga kuɗi yake zuwa. Yaron da ake aika sayen waake (shinkafa da wake) ya san pesewa 100 ne sidi ɗaya, ya san 1.50 sidi ɗaya da rabi ne. Da ya ga 1:50 sai ya ce ɗaya da rabi. Haka kuma ka tambaye shi abin da ke bin 2:59, ya ce 2:60. A ba shi waya ko agogon hannu 'yan sakanni kafin awa ta cika, ya zuba ido ya ga 59 ta koma 00, lambar hagu ta ƙaru. Sau uku ko huɗu ya gani da idonsa ya fi bayani goma. A allo kuma a rubuta layi biyu a bar su duk zangon karatu: rabin sidi 50, rabin awa 30.

Akwai ƙananan abubuwa da ke tuntuɓe. Lambobin da aka gina da 'yan sanduna, irin na allon masallaci da agogon hannu na roba, 2 da 5 suna kama da juna, haka 6 da 9 in an riƙe agogon a kife; a sa yara su gina 0 zuwa 9 da ashana. Allon da aka rubuta da lambobin Larabci kuma, biyar ɗinsa kamar sifiri take, shida kamar bakwai. Sannan saƙon murya na WhatsApp da ya nuna 1:30 minti ɗaya da rabi ne. Rubutu iri ɗaya, amma minti da sakan yake ƙirgawa.

AM da PM kada a fassara su da safe da dare. Ƙarfe biyun dare AM ne, ƙarfe taran dare PM, alhali duka dare muke ce musu. A koma dogon layin ranar da aka ja tun farko, a yanka shi gida biyu: daga sha biyun dare zuwa gab da sha biyun rana AM, daga sha biyun rana zuwa gab da sha biyun dare PM. Sha biyun rana kanta 12:00 PM ce, ta dare 12:00 AM, kuma gajeren hannu zagaye biyu yake yi a kwana ɗaya.

Tsarin awa 24 sai aji huɗu zuwa sama, ko da yake yara suna ganinsa a waya da rasit ɗin kuɗin waya tun kafin nan. A ƙara zobe na uku a kwali, 13 daura da 1, 14 daura da 2, har 23, sai 00 a kan 12. In awa ta wuce 12, a cire 12. Abin da za ka gani shi ne yaro ya jefar da lambar farko kawai, ya ce 17:00 bakwai ce, 15:00 biyar ce. A sa su haddace turaku uku: 15 uku ce, lokacin la'asar ya gabato; 18 shida ce, wajen magariba; 21 tara ce. Sauran sai su ƙirga daga mafi kusa.

Minti nawa tsakani

Kada a bari su jera lokuta biyu su cire kamar lambobi na yau da kullum. Daga 7:40 zuwa 9:15, mai cirewa a jere zai ari ɗari ya sami 1:75. A ja layi a yi tsalle uku: 7:40 zuwa 8:00 minti ashirin, 8:00 zuwa 9:00 awa ɗaya, 9:00 zuwa 9:15 minti sha biyar. Jimla awa ɗaya da minti 35. Kullum tsallen farko zuwa cikar awa ne.

Misalai daga abin da suka damu da shi ake ɗaukowa. Ƙungiyar ƙwallon Kotoko ta fara wasa a filin Baba Yara ƙarfe 3:00, rabin farko minti 45, hutu 15, rabi na biyu 45. In ba ƙarin lokaci, yaushe za a tashi? Amsa 4:45. Mota ta tashi daga tashar Asafo a Kumasi 6:40 na safe ta isa Accra 11:25, awa nawa ta yi? Huɗu da minti 45. A watan azumi kuwa ba sai an roƙi yaro ya lissafa saura nawa a sha ruwa ba.

Gano inda yaro ya maƙale

A aji mai yara hamsin ko sittin, tambayar baki ɗaya ba ta nuna komai, masu ƙarfin murya ne ke amsawa. A faɗi lokaci, kowa ya saita kwalinsa a ɓoye, a ƙirga uku a ɗaga tare. Wanda yake gwajin yaro guda kuma, lokuta biyar sun isa, kowanne da abin da yake tonawa.

A nuna 2:55. In ya ce 3:55, darasin ɗakuna bai zauna ba, a mai da shi agogo mai hannu ɗaya na kwana uku. A nuna 4:10. In ya ce huɗu da minti biyu, jajayen lambobi yake karantawa da dogon hannu, a buɗe masa zoben shuɗi. A nuna 3:00. In ya ce sha biyu da kwata, ya musanya hannayen. A sa ya taɓa gajeren da yatsa kafin ya buɗe baki. A ce ya saita 6:30. In ya ɗora hannaye biyu a kan 6, bai gane cewa gajeren yana tafiya ba, tunda wurinsa tsakiyar 6 da 7 ne. Na biyar, a ce ya saita tara saura kwata. In ya kai dogon kan 3, ko gajeren ya shiga ɗakin 9, a ajiye "saura" tukuna a koma "da". Yaron da ke ƙanƙance ido ko yana matsowa gaba kullum, a fara duba ganinsa kafin a ce ba ya ganewa.

A gida da masallaci

Mafi yawan gidaje yanzu waya ce agogonsu. Agogon bango guda a falo ko a baranda, daidai idon yara, yana yin aikin da darasi ba zai yi ba, muddin ana aiki da shi. Maimakon Mma ta duba waya, ta ce, "Sani, duba mini ƙarfe nawa, in dogon ya kai shida ka sauke mini ruwan nan." Masallatai da yawa suna da allon lokutan salla, na fitila ko na katako mai fuskokin agogo, kuma lokutan suna ɗan matsawa cikin shekara, saboda haka karantawa ake yi, ba a haddacewa. Baba ya tambayi yaro a hanyar dawowa saura minti nawa a yi lisha.

A riƙa gwada agogon aji da na gida da waya sau ɗaya a mako. Idan hannun sakan ya tsaya wuri guda yana rawa, batir ne ya yi sanyi. Agogo mai lamba da ake jonawa a wuta kuma, irin wanda ba shi da batir na ajiya, in an ɗauke wuta aka dawo da ita sai ya koma 12:00 yana ƙiftawa. A bar yaro ya saita shi da kansa.

'Yan aji biyar da shida za a iya buɗe musu batun bambancin lokaci tsakanin ƙasashe, tunda kusan kowane gida a Zongo yana da dangi a waje. Ghana tana kan agogon GMT duk shekara, wato lokacin da ake auna na sauran ƙasashe da shi; layin da ake auna shi ma ta garin Tema ya ratsa. Togo, Burkina Faso da Kwaddibuwa lokacinmu ɗaya. Nijeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa uku. A ajiye agogon kwali uku a jere, a rubuta Kumasi, Kano, Makka a ƙarƙashinsu, a saita na farko, yara su saita sauran: dogon hannu wuri ɗaya yake a duka ukun, gajeren ne kawai ke matsawa. Ingila ce ke rikita lissafi, domin daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinsu ɗaya da namu, sauran watannin kuwa suna gaba da awa ɗaya, sai a duba wata kafin a gaya wa yaro ƙarfe nawa za a take ƙwallo.